Shin in cinye kalorin da agogo ya ce na ƙona?

Tambaya: Shekaruna 35, tsayina santimita 165, nauyina kilo 80, kuma aikina na zama ne. Manhajar waya ta ce in riƙa cin kalori 1,400 a rana don in rage ƙiba. Ina fita tafiya mai sauri ta awa guda sau huɗu a mako. Duk fita agogon hannuna yana nuna na ƙona wajen kalori 500, sai manhajar ta ɗora mini su a kan abincin ranar ya koma 1,900, ni kuma in cinye. Wata biyu ke nan sikeli ya ƙi motsi. In daina ƙarawa ne gaba ɗaya, ko yaya zan yi?

Amsa: Malama, kada ki cinye su duka. Ga irin tafiyar da kike yi, rabin abin da agogo ya nuna shi ne iyaka, wato 250, kuma na fi son ki rarraba shi a kwana bakwai na mako maimakon ki tara shi a ranar fita. Zan nuna miki inda rabin nan ya fito, domin idan lissafin ya zauna miki, duk ranar da nauyinki ko yawan motsinki ya sauya ke da kanki za ki gyara.

Mu soma da 1,400 ɗin. Yawancin manhajoji suna amfani ne da wani lissafi da Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka fitar a 1990, wanda ke ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum ya wuni a kwance: numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙwaƙwalwa da ƙoda, da riƙe ɗumin jiki. Ana ninka nauyi a kilo sau 10, a ƙara tsayi a santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5. Daga nan mace ta cire 161, namiji ya ƙara 5. Naki ya tashi 1,495, mu ce 1,500. Sai a ninka wannan da wata lamba gwargwadon kai-komon mutum: 1.2 ga mai wuni a zaune, 1.375 ga mai ɗan motsi, 1.55 ga mai matsakaicin motsi, har zuwa 1.9 ga mai aikin ƙarfi ko ɗan wasa. Da 1.2 kin samu kusan 1,800. Manhajar ta cire 400, ta ba ki 1,400. Giɓin 400 ɗin nan shi ne duk abin da zai sa ki rame, kuma shi ne ya kamata ki tsare.

Kafin mu wuce, ki shiga manhajar ki duba wane mataki kika zaɓa ranar da kika yi rajista. Mutane da yawa suna cewa, ai ina motsa jiki sau huɗu a mako, sai su zaɓi matsakaicin motsi. Da kin yi haka, da ta ba ki wajen 2,300 a matsayin abin da kike ƙonawa, wato ta riga ta saka tafiyar a ciki. Idan kuma ta zo ta ɗora abin da agogo ya kawo, an ƙirga tafiya ɗaya sau biyu ke nan. Daga lambobin da kika kawo, ke ba ki faɗa wannan ramin ba, amma na ambata ne saboda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Hanya biyu ce, ana ɗaukar ɗaya: ko dai a saka motsa jiki a cikin lambar ninkin a manta da agogo, ko a zaɓi matakin mai zama a riƙa ƙara na motsa jiki daban. Manhajoji irin su MyFitnessPal an gina su ne a kan ta biyun.

To, 500 ɗin fa? A nan gizo ke saƙa.

Akwai ma'aunin da masana motsa jiki ke aiki da shi, ana ce masa MET. MET ɗaya shi ne abin da mutum ke ƙonawa yana zaune shiru, kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa a awa guda. Barbara Ainsworth da abokan aikinta sun tattara jadawalin ayyuka da MET ɗinsu tun 1993, ana kuma sabunta shi. A jadawalin 2011, tafiya mai sauri, wajen kilomita biyar da rabi a awa, tana kan MET 4.3. Ki ninka da kilo 80, kin samu 344. Tun a nan 500 ta zube. Amma ko 344 ɗin ba duka ne ladar tafiya ba, domin da kin zauna a kujera a wannan awar, da kin ƙona kalori 70 zuwa 80, kuma an riga an lissafa su a cikin 1,800 ɗin can. Wanda ya ci 344 kamar ɗan kasuwa ne da ya haɗa uwa da riba ya kira su riba. Ribar zalla ita ce 265 ko kusa da haka. Idan aka bi ta nisa ma kusan nan ake sauka: mai tafiya yana ƙona ƙarin wajen rabin kalori ga kowane kilo a kowace kilomita, mai gudu kuma wajen kalori ɗaya. Kilo 80 a kilomita biyar da rabi ya ba da 220. Saboda haka gaskiyar tana tsakanin 220 da 270.

Ba wai agogon naki ne ya lalace ba, haka danginsa suke. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agoguna iri bakwai a hannun mutum 60, suka kwatanta da na'urorin asibiti. Wajen auna bugun zuciya, shida daga cikin bakwai sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wajen kalori kuwa ko ɗaya bai tsira ba: wanda ya fi ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe da kashi 93. Dalilin a fili yake. Agogo ba ya auna kalori, bugun zuciya da lilon hannu yake ji, sai ya yi hasashe. Zafin rana, ƙishirwa, rashin barci, damuwa, shan kofi, duk suna ɗaga bugun zuciya ba tare da an ƙona wani abin kirki ba. An samu ci gaba a agogunan da suka biyo baya, amma har yanzu hasashe ne. Ni abin da nake amfani da agogo a kai shi ne kwatanta yau da jiya: taku nawa, minti nawa, zuciya ta kai ina. A wannan yana da amfani ƙwarai. Amma ban yarda a ɗebi abinci da lambarsa ba.

Saura abu na uku, wanda ya fi ban haushi, domin ba laifin na'ura ba ne, halin jiki ne. Jiki yana rama wani ɓangare na abin da aka ƙona. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya, waɗanda ke rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace da tonon saiwa, suna wuni a ƙafa. Sakamakon da suka buga a 2012 ya ba mutane mamaki: idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai yi nisa da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. A 2021 kuma wani bincike da Vincent Careau ya jagoranta ya duba bayanan mutum 1,754, ya gano cewa a matsakaici jiki yana rama kashi 28 cikin ɗari na kalorin da aka ƙona ta motsi, ta hanyar rage abin da yake kashewa a wasu wurare. A masu ƙiba sosai ramuwar ta kusa kai rabi. Masana suna ta muhawara a kan girman wannan ramuwa da kuma hanyar da take bi.

Wani ɓangare nata ma ana iya ganinsa da ido. Mutum ya dawo daga tafiyar awa guda, ya gaji, sai ya wuni a kishingiɗe. Abin da zai tashi ya ɗauko da kansa sai ya aika a kawo masa, matakalar da ya saba hawa sai ya nemi lif. James Levine na asibitin Mayo ya nuna girman waɗannan ƙananan motsin a 1999, lokacin da ya ƙara wa mutum 16 kalori 1,000 kullum har mako takwas. Wasu jikinsu ya ƙara tashi-zaune da kai-komo har ya ƙona kusan kalori 700 a rana ba da saninsu ba, wasu kuma ko kaɗan, su ne suka fi tara kitse. Abin da ke iya hawa haka yana iya sauka haka, musamman idan ana cikin rage abinci. Ki cire kashi 28 daga 265, kin dawo wajen 190.

Yanzu mu haɗa na mako. Giɓin 400 sau bakwai 2,800 ne. Kina ƙara 500 sau huɗu, 2,000 ke nan, alhali abin da tafiyar ta ƙara ƙonawa bai wuce 800 ba. Kin ci 1,200 da babu su, giɓin ya koma 1,600. Da a ce komai ya tsaya nan, da kina ragewa a hankali, kilo ɗaya a mako biyar. Tun da sikeli ya tsaya cik, akwai wani wurin da ke yoyo, kuma kusan kullum wurin shi ne rubuta abinci. Kada ki ji kamar zargi nake yi, kowa haka yake, har masana abinci su kansu. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1992 ya bi wasu mutane da suka ce ba sa kai kalori 1,200 amma sun kasa ramewa. Da aka auna, sai aka tarar sun rage lissafin abincinsu da kashi 47 cikin ɗari, sun kuma ƙara wa motsinsu kashi 51. Mutanen ba su da yawa, amma bincike da dama sun sake tabbatar da wannan hali. Kalori 200 kacal da ke zamewa kullum, wato babban cokalin mai ɗaya da ba a rubuta ba, wanda shi kaɗai 120 ne, da ɗanɗane yayin girki, ya isa ya cinye 1,400 a mako. Abin da ya rage daga giɓin 200 ne, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga abin da zan ce ki yi. Ki kashe wurin da manhajar ke ɗora kalorin motsa jiki. Ki ɗauki 250 sau huɗu, 1,000, ki raba bakwai, ya ba ki kusan 140. Ki mai da abincinki 1,550 kullum, ranar fita da ranar hutu. Da wannan giɓinki zai tsaya wajen 2,600 a mako, kusan sulusin kilo. Na fi son a daidaita kwanakin saboda dalili biyu. Yunwar motsa jiki ba lallai ta zo a ranar ba, sau da yawa washegari take zuwa, ranar da manhaja ta ce 1,400 kawai. Na biyu kuma, duk wanda ya saba ganin abinci a matsayin ladar gumi, ba a daɗewa sai ya fara tafiya don ya ci, ranar da bai samu fita ba kuma ya ji kamar bai cancanci abincin dare ba. Wannan ɗabi'a tana kai wasu ga mummunar alaƙa da abinci. Idan dai ke kin fi jin daɗin ƙarin a ranar fita, ba laifi, ki ci 1,400 a ranakun hutu da 1,650 a ranakun tafiya. Jimillar mako ita ce abin dubawa.

Za ki iya cewa, me zai hana in zauna a 1,400 in bar tafiyar ta zama ƙari? Yana yiwuwa, giɓin zai kai 3,600, kusan rabin kilo a mako, kuma bai fita daga abin da likitoci ke ɗauka lafiya ba, wato rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Sai dai a ganina 1,550 da aka auna da gaske aka kuma iya riƙewa wata shida ta fi 1,400 da ake karyawa duk ƙarshen mako. Ƙasa da 1,200 ga mace ko 1,500 ga namiji kuwa, ba a sauka sai da kulawar likita.

Duk waɗannan lambobi, har nawa, ƙiyasi ne. Lissafin Mifflin kansa yana iya kaucewa da kashi 10 cikin ɗari ko fiye ga mutum ɗaya. Alƙalin shi ne sikeli, amma sai an san yadda ake saurarensa. Ki riƙa hawa da safe, bayan kin kewaya, kafin ki ci komai, aƙalla sau uku ko huɗu a mako, ki fitar da matsakaicin kowane mako. Kada ki yanke hukunci da awon rana ɗaya. Ruwa kaɗai yana iya ɗaga nauyi ko sauke shi da kilo ɗaya ko biyu. Sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka, kowane giram nasa yana riƙe da wajen giram uku na ruwa. Gishiri yana riƙe ruwa, tsokar da ta sha sabon aiki tana riƙe ruwa, kuma mata da yawa suna yin nauyi kwanaki kafin al'ada. Shi ya sa mace ta fi dacewa ta kwatanta mako da takwaransa na watan da ya wuce. Ki haɗa da awon ƙugu da tef ɗin awo sau ɗaya a mako.

Bayan mako huɗu sai ki juya lissafin baya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700. A ce kin ci 1,550 kullum kin sauke kilo 1.2. Ki ninka 1.2 da 7,700, ki raba da kwana 28, ya ba ki 330. Ashe giɓinki na gaske 330 ne a rana, abin da kike ƙonawa kuma wajen 1,880. Wannan lamba ta fi ta agogo da ta manhaja daraja, domin ta haɗiye komai: kuskuren agogo, ramuwar jiki, har da cokalin man da kike mantawa, muddin yadda kike rubutawa bai canza ba. Idan bayan mako huɗu babu abin da ya motsa, ki rage 100 zuwa 150, ki sake jira. Idan kuma kina zubar da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinki a mako, ga kasala, ki ƙara kamar haka.

Lambar 7,700 ɗin tana aiki a gajeren zango ne kawai. Ta samo asali daga lissafin Max Wishnofsky na 1958, kuma Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya nuna a 2011 cewa idan aka miƙa ta zuwa shekara guda tana alƙawarin abin da ba zai samu ba, saboda ƙaramin jiki ƙaramin mai yake sha. Duk kilo huɗu ko biyar da kika sauke, ki sake lissafi daga farko. A kilo 72, tafiyar da ke ba ki 265 yau za ta koma wajen 240.

Akwai waɗanda shawarar rabi ba ta shafe su ba, kuma ba na son su karanta wannan su cuci kansu. Namiji mai kilo 70 da ya yi gudun kilomita 15 ya ƙona wajen kalori 1,000, ba hasashen agogo ba. Mai tuƙa keke awa uku, mai buga ƙwallo kullum, mai aikin ƙarfi da ke kuma zuwa atisaye, waɗannan dole su mayar da mafi yawan abin da suka ƙona, su bar giɓi kaɗan, 300 zuwa 500. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da sanarwa a kan illar ƙarancin kuzari ga 'yan wasa maza da mata. Binciken Anne Loucks ya nuna cewa idan abin da ya rage wa jikin mace bayan an cire na atisaye ya gaza kalori 30 ga kowane kilo na jikin da ba kitse ba, sinadaran haihuwa da na ƙashi sukan fara rikicewa. Alamomin su ne ɗaukewar al'ada, jin sanyi ba dalili, zubar gashi, rashin barci, saurin fushi, ƙarfi na raguwa mako bayan mako, da tsagewar ƙashi ba tare da an faɗi ba. Ko ke, in kika ga irin waɗannan, ki ƙara abinci ki ga likita, sikeli ya jira.

Ƙarin 150 ɗin da na ba ki, ki sa mafi yawansa a furotin, irin su ƙwai, kifi, nama marar kitse, madara ko wake. Wajen giram 100 a rana ya dace da ke. Yana riƙe ciki, yana kare tsoka, kuma jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa wajen narkar da shi, alhali na mai bai wuce kashi 3 ba. Tafiyar awa guda ba ta buƙatar lemon kwalba ko abin shan 'yan wasa, ruwa ya wadatar. Gwangwani ɗaya na lemo wajen kalori 140 ne, fiye da rabin ribar fitar.

Ki kuma saka ɗaga ƙarfe ko atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 tare da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi. Tafiyarki minti 240 ce, kin riga kin shiga ciki. Amma kada ki ƙara abinci saboda ƙarfen. Minti 45 nasa, da hutun da ke tsakani, ribarsa ba ta fi 150 ba. Maganar da ake yawan yi cewa jiki na ci gaba da ƙona kalori bayan an gama gaskiya ce, sai dai ƙarin kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari ne na abin da aka ƙona. Kilo ɗaya na tsoka kuma wajen kalori 13 yake ci a rana yana hutawa. Amfanin ƙarfe shi ne ya sa abin da ke zubewa ya zama kitse, tsoka ta tsaya.

Kada lissafin nan ya sa ki raina tafiyar. Tana sauke hawan jini, tana gyara yadda jiki ke sarrafa suga, tana rage kitsen ciki ko da sikeli bai nuna ba. Kuma a rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994 don bin waɗanda suka rage ƙiba suka riƙe, mafi yawansu suna motsa jiki wajen awa guda kullum.

Ba ki ambaci wata lalura ba, amma idan kina da ciwon suga kina allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, rage abinci tare da motsa jiki na iya faɗar da suga ƙasa sosai, wani lokacin sa'o'i bayan an dawo, har cikin dare. Sai likitanki ya daidaita maganin kafin ki taɓa lambar abinci. Mai ciwon ƙoda kada ta ƙara furotin sai da izininsa. Mai juna biyu ba ta shiga wannan lissafi sam, mai shayarwa kuma buƙatarta ta fi haka da kalori 300 zuwa 500 a rana. Idan kuma kin auna abinci da sikelin kicin mako shida cur babu canji, ki nemi a duba miki maƙoƙo, a kuma duba magungunan da kike sha, domin wasu na ƙara nauyi.